Jirgi Ba Ya Jiran A Gama Gaisuwa

Ikara, ranar Talata.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da dukan mutanen gida a Makarfi. Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kai ka inda za ka lafiya, ya maido mana da kai lafiya. Ni ma nan ƙalau nake, sai aikin rabon irin auduga da ya sa ni gaba, yau ina Janfalan, gobe ina Kurmin Kogi.

Za ka yi mamakin takarda mai kauri haka daga wurina, alhali ranar Juma'a da na zo gida zaure ɗaya muka zauna, ban ce maka komai ba sai "to, madalla". Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina kake ɗauke da shi, bakina ba ya iya kamawa, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Tasha ma ba zan raka ka ba, kada a ce Malamin Gona ya sayar da kunyarsa. Amma alƙalami ba ruwansa da wannan, shi ya sa na ɗauko shi.

Gaskiyar magana, tun ranar da takardar nan ta iso, wadda ta ce an ɗauke ka makarantar koyon aikin waya a Ikko, na kasa zama wuri ɗaya. Sau uku na karanta ta a ofis. Na hau keke na nufi Janfalan ina murmushi ni kaɗai, sai da na ci rabin hanya na waiwaya na ga babu buhun irin a bayana, na baro shi a ƙofar sito. Jikan Malam zai je bakin teku ya koyo yadda magana ke bin waya ta isa wani gari kafin mai ita ya rufe baki. Ƙasa ta dawo hannunmu, 'ya'yanmu ake nema, ga shi an nemo har cikin gidanmu.

Takardar ta ce ka bayyana ranar Alhamis da safe, wanda bai zo ba a ba wani gurbinsa. Na duba lokutan jirgi, na sake dubawa, na kuma sa wani abokin aikina ya duba mini don ban cika yarda da idona ba. Ƙaramin jirgin da ke tsayawa a tashar Gimi ranar Litinin da hantsi shi ne naka. Zai sauke ka Zariya, can za ka jira babban jirgin Ikko da ke zuwa da yamma. In ka rasa na Litinin, wanda ke biye ba zai isar da kai ba sai bayan an rufe ƙofa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan a kan abu ɗaya yake: ka shiga jirgin Litinin, ka sauka Ikko da sauran ƙarfinka, da kayanka, da hankalinka.

Ni ban taɓa wuce Zungeru ba. Kaduna na je ba adadi, Minna sau biyu, Zungeru sau ɗaya. Daga nan zuwa gaba ilimina na aro ne, in ka ga ya saɓa da abin da idonka ya gani, ka bi idonka. Na fito da dayarina, littattafan nan masu baƙin bango da nake rubuta abin da ya wakana kowace rana, na bi duk tafiye-tafiyen da na yi. Abin da na tarar shi ne, kusan duk abin da na sani game da jirgin ƙasa kuskure ne ya koya mini.

Bari in fara da tufafi. Tafiyata ta farko zuwa Kaduna, an kira mu taron malaman gona, na ce ba zan shiga birnin gwamna kamar ɗan ƙauye ba. Na sa farar babbar rigata, wadda ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Na yi sauri na kama wuri a taragon da ke bin kan jirgi, jikin taga, fuskata tana duban gaba, don in riga kowa ganin Kaduna. Ban san hayaƙin kwal baya yake komawa ba, kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, da toka da tartsatsi. Kafin mu yi nisa wani ɗan ɓarɓashi ya faɗa mini a ido, na yi sauran tafiyar da ido ɗaya ina hawaye. Da na sauka, abokin aikina da ya zo tarya ta ya wuce ni sau biyu. A na uku ya tsaya ya ce, "Malam, kai ne? Na zaci ɗaya daga cikin masu zuba wa jirgin wuta ne ya fito shan iska."

Don haka ka sa tsohuwar taguwarka mai ruwan ƙasa, da hular da ba ka jin zafin ta. Kayan da za ka shiga makaranta da su a naɗe su a ƙasan adaka, kada su ga rana sai a Ikko. Warantin shiga jirgi da aka aiko maka na taragon gama-gari ne, bencin katako, ba faskila ta manya ba, to ka nemi tarago na tsakiya ko na baya, nesa da hayaƙi. Ka ba kan jirgi baya. Kada ka zauna kusa da ƙofar ban-ɗaki ko da nan kaɗai ka ga fili, akwai dalilin da ya sa aka bar filin. Ka tafi da buzun sallata, na bar shi a ɗakin mahaifiyarka, ka ninka shi biyu a kan benci. Katako da farko ba ya cewa komai, sai an wuce Kaduna yake fara magana. Ka ɗauki bargo mara nauyi, da matashi ƙarami. Adaka kuwa ka tura ta ƙarƙashin bencinka, inda dunduniyarka za ta riƙa taɓa ta ko kana gyangyaɗi.

Batun gefen da za ka zauna ya ci mini yamma guda. Na zana layin dogo a takarda, na sa gabas da yamma, ina neman gefen da rana ba ta dukansa. Daga Zariya kudu za ku nufa da la'asar, rana tana dama, to hagu ya fi. Amma da safe za ta dawo hagu. Bayan Minna kuma dogon yana karkata yamma, lissafin ya sake rikicewa. Na goge, na sake zanawa, daga ƙarshe na gane babu gefen da rana ke ƙyalewa gaba ɗaya. Ka zauna hagu dai, don ranar yamma ta fi ta safe mugunta. In na yi kuskure, ka ja marufin taga, ka yafe mini. Damina ce, in hadari ya taso kai ne na jikin taga, kada ka jira sai an roƙe ka.

Sai guzuri. A nan na yi abin kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska. Za ni Minna, kakarka, Allah ya jiƙanta, ta dama mini fura da nono mai kauri ta cika gora, ni kuma don tsabar tsari na toshe bakin da totuwar masara, na ɗaura tsumma, na danna da ƙarfi don kada ɗigo ya zuba. Na rataye ta jikin taga inda rana ke bugu. Jirgi yana girgiza ta, rana tana dafa ta, ni ina ta adana ta wai sai yunwa ta yi yunwa. Muna tsakiyar daji sai na ji fau, totuwa ta daki rufin tarago, fura ta yi tsiri. Rabi a kaina, rabi a kan ƙunshin wata Bayarabiya mai fataucin atamfa da ke zaune gabana. Ta dubi kayanta, ta dube ni, ta ce, "Malam, bindiga ka shigo da shi jirgi?" Na shiga ba da haƙuri ina goge ƙunshin da hannun riga, ina ƙara shafa shi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Bari, bari. Kayana ya sha, kai ka sha, ni kaɗai ba a ba ni ba. Kawo sauran." Ta shanye abin da ya rage a gorar, ta kwance ɗaurinta ta ba ni ƙosai da dafaffen ƙwai. Da ita muka yi hira har Minna, ita ta riƙa duba mini kaya in na tashi.

Abu biyu na koya. Na farko, kada ka ɗauki abin da aka dama. Ka ce wa mahaifiyarka ta yi maka dakuwa da dambun nama, ta soya zabo ɗaya ya soyu ƙwarai, a haɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji a ƙulle. Zabon za ka fara ci, daren farko, kada ka yi masa irin adanar da na yi wa fura. Dakuwa da dambu su ne na kwana biyu. Butoci biyu za ka riƙe, ɗaya ta alwala, ɗaya ta sha, kuma duk babbar tashar da ka ga famfo ka cika su ko ba su ƙare ba. Abincin tasha ka sayi wanda ka ga yana tururi a gabanka, ko abin da kai za ka ɓare da hannunka, lemo ko ayaba. An ce daga Ilori zuwa gaba barkononsu ba na wasa ba ne, ka ɗanɗana kafin ka cika baki.

Na biyu, maƙwabcin benci ya fi matashi amfani. Kana zama ka gai da na dama da na gaba, ko ba ku jin harshen juna. In ka buɗe guzuri ka miƙa. Ka lura da wani dattijo ko wata uwa mai nisan tafiya irin taka, ka zama ɗansu na kwana biyu. Amma amana daban, sakaci daban, takardar makaranta da tikiti kada su bar jikinka.

Tikitin ma sai da ya ba ni wuya sau ɗaya. Na ɓoye shi a naɗin hula, na ga hula tana iya faɗuwa, na mai da shi aljihu, na ga aljihu na ɓarayi ne, na mai da shi cikin dayari. Da mai duba tikiti ya zo, na tuna wuri biyu na farko, na manta na ukun. Na zazzage kayana kaf a gaban jama'a, mutumin yana tsaye yana kaɗa abin huda tikiti a tafin hannu. Da ya gaji ya ce, "Malam, ka ɓoye wa ɓarawo ne ko ka ɓoye wa kanka?" Wuri ɗaya za ka zaɓa. A ɗinka maka aljihu a cikin 'yar shara, ta ƙirji, ka sa su nan, ka daina taɓa wurin kowane lokaci, don mai yawan dafa ƙirji shi ke nuna wa ɓarawo hanya.

Salla kuma, ka je wurin Liman kafin ka tafi ka tambaye shi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi, da yadda ake yi in jirgi bai tsaya ba. Ni ba zan ba ka fatawa ba, abin da ya same ni kawai zan faɗa. A Minna jirgi yakan daɗe, don nan kan jirgin ke shan ruwa. Ranar da za ni Zungeru na sauka da butata, na ga dakalin tasha ya cika da hayaniya, na zagaya can bayan wani sito inda babu kowa. Na yi sallama ke nan sai na ji usur. Na zabura na kwaso buzu da buta, na zo da gudu na faɗa tarago ina haki. Ashe wani kan jirgi ne dabam yake jan taragun kaya. Namu ko motsi bai yi ba. Sai na ji ƙafata tana taka katako, na leƙa ta taga, ga takalmana can gefen sito, a jere, yadda na tuɓe su.

Wani tsoho mai goro da ke kusa da ni ya ce, "Samari, takalman can kamar masu jiran ubangidansu."

Na ce, "Nawa ne, Baba."

Ya ce, "To sauka ka ɗauko mana."

Na ce, "In na sauka ya tashi fa?"

Na zauna ina auna nisan da ido, ina lissafin taku nawa ne zuwa da dawowa. Duk sa'ad da na yunƙura sai in ce yanzu kam lokaci ya ƙure. Da na tafi tun farko, da na je na dawo sau goma, har in tsaya in sayi rake. Haka na zuba musu ido har jirgi ya ja, suna ƙanƙancewa. Tsohon ya ɓare goro ya miƙo mini rabi ya ce, "Ci, ka yi musu ta'aziyya." Zungeru ƙafa ba takalmi na shige ta.

Kai in za ka sauka, ka tambayi mai tuta ko jirgi zai jima, ka yi salla inda kana ganin taragonka, takalmanka a gabanka. In kuma abu ya kama a yi, ka yi shi nan take. Na lura lissafina yakan yi daidai, lokacin da nake ɓatawa wurin yin sa ne yake kayar da ni.

Akwai abin da nake so ka gani saboda ni. An ce bayan Zungeru za ku hau gadar Jebba, a kan Kwara, ruwa iyakar ganinka, jirgi yana tafiya a hankali kamar mai tsoron jiƙa ƙafa. An ce daga nan ƙasa take sauya kama, itatuwa su yi tsawo su haɗe kai, giginya ta ba kwakwa wuri. In kun iso da sauran haske, ka leƙa da kyau, ka rubuto mini yadda take, kada ka taƙaita. Na sa maka sabon littafi da fensir biyu a cikin buzun.

Yanzu na zo kan babban kuskuren, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Sauran duk na yi ta kewaye ne.

Ka san labarin yadda na rasa kos ɗin awon ƙasa a Kudu, shekarar da na gama makarantar Midil. Kowa a gidanmu ya san shi, kuma ga yadda ake ba da shi. An raka ni tashar Gimi, unguwa guda, da adakata da guzurina. Baffa Iro, ƙanen mahaifina, ba ya gari, ya tafi cin kasuwar Hunkuyi, ban samu na yi masa sallama ba. Hayaƙin jirgi ya ɓullo ke nan sai ga shi a kan jakinsa, jakin yana ɗingishi. Na tsuguna a gabansa kamar yadda ya wajaba. Ka san jirgi a Gimi ba ya tsayawa sai kamar a sha ludayi biyu na kunu. Baffa ya shiga gaisuwa da nasiha, ni kuwa ba ni da ikon miƙewa dattijo yana magana, har jirgi ya ja. Wanda ya biyo baya bai kai ni a kan lokaci ba, aka ba wani gurbina. Haka na ba da labarin shekara ashirin da wani abu, haka kai ma ka ji shi.

Da na ji Baffa yana cewa shi ma zai raka ka ranar Litinin, hankalina ya tashi. Ranar Asabar, kafin in komo Ikara, na biya gidansa. Na same shi gindin ceɗiyar ƙofar gida yana tufka igiya. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, alfarma na zo nema. Ranar Litinin in jirgi ya tsaya, a taƙaita wa yaron nan gaisuwa."

Ya ce, "Wane yaro? Ja'irin nan mai son ƙwace mini tsohuwa? Ai gara ya tafi in huta. Kullum ya zo sai ta ba shi ƙwai, ni mai kajin ko ɓawo."

Na yi dariya na ce, "Shi dai. Kada a yi irin tawa."

Sai ya ajiye igiyar. Ya ce, "Irin taka? Maimaita, Ɗan Yaya, kunnen nan ya fara nauyi."

Na ce, "Ranar da gaisuwa ta yi tsawo har jirgi ya tashi."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Ni abin da na ce maka ranar nan, 'Allah ya kiyaye hanya, tashi.' Ka ce, 'Baffa, me ya sami ƙafar jakin?' Na ce ƙaya ce, tashi. Ka ce, 'An cire ta kuwa?' Na ce an cire, ga jirginka can. Ka ce, 'To yaya kasuwar Hunkuyi, dawa ta yi tsada?' Kai da ba ka taɓa auno mudun dawa da hannunka ba. Har sandata na ɗaga na nuna maka taragon, kana durƙushe kana kallon ƙasa kamar mai neman allura."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka, ya ce, "Shekara da shekaru ina ji ana cewa Iro ya hana yaro zama mai awon ƙasa. Ban tanka ba. Na ga kayan sun fi ƙarfin wuyanka a lokacin, ni kuwa wuyana ya saba da dako. Amma tunda yau ka zo har gida ka ɗora mini su a gabana, to sauke abinka, na tsufa."

Da na iso Ikara na nemo dayarin shekarar, na buɗe ranar. Ga abin da na rubuta da hannuna: "Jirgi ya bar ni a Gimi. Da azahar motar gyaɗa ta wuce zuwa Zariya, ban shiga ba, adaka ta yi nauyi." Motar nan da na shiga, da na tarar da babban jirgin a Zariya da sauran lokaci. Na manta da ita sarai, ko kuma in ce na so in manta. Tsoro ne ya kama ni, Malam Ƙarami. Na ga hayaƙin nan, na tuna ban san kowa ba inda za ni, ban san ko zan iya karatun ba, na ce a raina da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai Allah ya kawo dattijo a kan jaki, na samu inda zan tsuguna ba wanda zai zarge ni. A gidanmu mai ladabi ba ya laifi, shi ya sa ladabi ya fi ko'ina daɗin ɓuya. Na ja layi a kan "jirgi ya bar ni", na rubuta "na bar jirgi" a samansa.

Ba ina kuka da rayuwata ba ne. Aikin gona ya rufa mini asiri, ina kuma son sa. Amma ranar Juma'a ina kallonka ta wutsiyar ido, ka ninke takardar makarantar ka buɗe, ka ninke ka buɗe. Na ji ka ta bayan danga kana tambayar mahaifiyarka wa zai yi noman gonar fadama in ka tafi, wa zai riƙa kai ƙanenka makaranta a keke. Tambayoyi ne na ɗan kirki, kuma na san kana nufinsu. Amma na san danginsu, 'yan uwan ƙafar jakin Baffa ne. To ga amsa tun yanzu, don kada ka nemi ta a tasha. Gonar fadama na yi magana, za a yi mata gayya. Ƙanenka ƙafafunsa biyu, makarantar kuma ba ta ƙaura ba.

Ga yadda za ka yi. Ranar Asabar ka hau keke ka je Kudan ka sallami gwaggonka, ka zauna ta yi maka duk nasihar da ke bakinta, kada ka katse ta. Ranar Lahadi ka bi Makarfi gida gida, ka fara da Liman, ka tsuguna wa kowa har gwiwarka ta yi ƙasa-ƙasa, ka amsa kowace gaisuwa har ƙarshenta. Wanda ba ya nan ka bar masa sallahu. Ranar Litinin ku fita da sassafe, don hanyar Gimi da damina ba ta da alkawari, gara ku yi zaman jira a tasha. Adaka ta kasance a bakin dakali, ba a gindin bishiya ba. Da ka hango hayaƙi, gaisuwa ta ƙare. Ko wane ne ya iso a lokacin, ko da rawaninsa ya kai girman kwando, ka gaishe shi a tsaye, hannunka ɗaya a ƙarfen ƙofar tarago. In an ce ba ka da ladabi, ka ce umarnin mahaifinka ne, a zo a same ni a Ikara.

Baffa ya ce in gaya maka yana nan zuwa, kuma da sandarsa. Ya ce, "Ka faɗa wa ja'irin, in gwiwarsa ta taɓa ƙasar Gimi, da wannan zan ɗora shi a jirgi. Ba za a yi mini biyu ba." Ya ce kuma tsohuwarsa ta tara maka ƙwai, a dafe, kada ka ce na hana ka karɓa.

In ka ji gabanka yana faɗuwa sa'ad da jirgin ya tsaya, ba wani abu ba ne, nawa ma ya faɗi. Kada ka tsaya jiran ya daina. Ka shiga da shi haka nan, ka ba shi wuri a benci, ba a taɓa sauke kowa don yana jin tsoro ba.

Allah ya sa ka shiga a sa'a, ka sauka a sa'a. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mugun abokin tafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a kowace tasha, ya buɗe maka karatu, ya sa ka amfani ƙasarka da iyayenka. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka, ka ce ina nan tafe in an gama rabon iri. Allah ya yi maka albarka, ya kiyaye hanya. Tashi.

Ni ne,
Mahaifinka.